Ciyawar Da Ke Tsira A Kan Guba: Darasin Zamfara Da Riruwai

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ratsa tsohon filin haƙar ma'adinai da damina zai tarar da tsibin ƙasar da aka tono ya yi kore shar, kamar ba a taɓa sa masa diga ba. Manomi kan ɗauka ƙasar ta warke, makiyayi kuwa ya sako dabbobinsa. To, amma binciken masana ya nuna sau da yawa wannan kore kyan ɗan maciji ne.

Mai karatu zai tuna bala'in Jihar Zamfara na 2010, inda daka duwatsun zinariya a cikin gidaje ya baza gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega, har yara fiye da 400 suka rasu. A wasu gidajen an auna dalma ta haura miligiram 100,000 a kowane kilo na ƙasa. Cikin 2015 irin wannan ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A Jihar Kano kuma ga Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, dutsen wurin kuwa yana ɗauke da tutiya, ita kuma ba ta rabuwa da wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa; suna nan cikin ƙasa ko bayan masu haƙa sun watse.

Yaya tsiro ke rayuwa a irin wannan ƙasa? Masana sun raba tsirrai masu juriya gida biyu. Na farko su ne masu tare gubar a saiwa, su hana ta hawa ganye, kamar jema da kachalar da ta cika fadamun Haɗeja. Na biyu su ne masu zuƙe ta har ganye, su ɗaure ta da wasu sinadarai, su kulle ta cikin 'yan jakunkunan ruwa na ƙwayoyin halittarsu, inda ba za ta cuce su ba. An san iri wajen 700 masu tara ƙarfe fiye da kima, mafi yawansu masu tara nikel ne. A Katanga ta ƙasar Kwango da Zambiya har akwai furannin da masu neman tagulla suka riƙa bi don gano inda take.

Haɗarin shi ne abin da tsiro ya jure, ɗan Adam ba ya jurewa. Kadmiyam na hawa ganye cikin sauƙi, ya taru a hanta da ƙodar dabbar da ta ci. Dalma ta fi tsayawa a saiwa, amma ƙurarta na manne wa ganye, ba kuwa kullum wanki ke fid da ita duka ba. Ke nan tafasa ko rama ko alayyafon da aka tsinko a bakin ramin haƙa na iya shigo da guba cikin tukunya. Tun da dabbobi da ganyen miya kan yi tafiya daga kasuwa zuwa kasuwa, maganar ta shafi mutumin Basirka ko Birnin Kudu ko da bai taɓa ganin ramin ba.

Duk da haka akwai amfani. Jema na riƙe ƙasa, ta hana iska da ruwa kwashe gubar zuwa gonaki da rijiyoyi. Masu zuƙa kuwa ana iya yanke su, a ƙona a wuri na musamman, a binne tokar. Sai dai aikin kan ci shekaru masu yawa, balle ga dalma. Shi ya sa a Bagega cikin 2013 aka kankare ƙasar sama aka binne ta, aka zubo sabuwa, domin ran yaro ba ya jiran ciyawa.

Don haka wajibi ne Ma'aikatun Muhalli na jihohi su auna ƙasar tsofaffin wuraren haƙa, su killace masu guba, su dasa jema, sa'an nan malaman gona da dagatai su gargaɗi jama'a game da kiwo da tsinkar ganye a can. Ɗaliban Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma ga fagen bincike: a tantance waɗanne cikin ciyayinmu ne masu tarewa, waɗanne ne masu zuƙa.