MAƘALAR MAKO: Saura Goma Kundin Ya Cika, A Sayar Ko A Riƙe?



Da yawa cikinmu mun taso muna tara hotunan 'yan ƙwallo, na cikin cingam da waɗanda ake sayarwa a bakin makaranta. Wasu sun bari tun suna firamare, wasu kuwa abin ya bi su har girma, suka koma sayen kundin manna sitika na kamfanin Panini. Duk mai wannan tari akwai ranar da zai tsaya cak: gurabe kaɗan suka rage, kuɗi na ta tafiya, kundi ya ƙi cika. Ra'ayina shi ne ya daina saye nan take, amma kada ya yi gaggawar sayarwa. Ga dalilaina.

Panini kamfani ne na garin Modena a Italiya, kuma tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko yake fitar da kundi ga kowace gasa. Na 2018, shekarar da Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu, kuma ɗan Sakkwato Shehu Abdullahi yana cikin tawagar Super Eagles, gurabe 682 ne da shi. Sitika biyar aka zuba a kowane fakiti na wannan shekarar, a rufe ruf, ba ka sanin wa ke ciki sai ka yage.

A nan lissafi ke cin mutum. Da farko kusan duk wanda ka ɓare sabo ne, sai ka ɗauka mako biyu ya ishe ka. Idan kundi ya kai rabi, ɗaya cikin biyu maimai ne. Idan saura gurabe goma, sai ka ɓare kimanin sitika 68 kafin ka dace da sabo guda. Idan saura ɗaya tak, kimanin 682 za ka ɓare, wato fakiti sama da 130 don hoton mutum ɗaya. Farfesa Paul Harper na Jami'ar Cardiff ya lissafa cewa mai saye shi kaɗai, ba tare da musaya ba, zai buƙaci sitika 4,832 a matsakaici, kuɗinsu ya kai fam 773. A canjin yanzu wannan ya haura naira miliyan ɗaya. Daga cikin wannan adadi, gurabe goman ƙarshe kaɗai sukan ci kusan 2,000. Kenan mai cewa "ai saura goma kawai" yana da kusan rabin tafiya a gabansa.

A Ingila ko Brazil musaya ke rage wannan nauyi, domin dubban mutane ke tara kundi iri ɗaya a lokaci ɗaya. A Boɗinga ko Shagari fa? Ka shiga gidan kallon ƙwallo ranar wasan Arsenal da Chelsea, za ka tarar ba masaka tsinke, amma da wuya ka samu mutum biyu masu irin kundinka. Kamfanin yakan sayar da waɗanda suka rage wa mutum idan ya tura lambobinsu, sai dai da kuɗin waje ake biya, ga kuɗin aikowa, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun tsakiyar 2023.

Akwai wani matashi da na sani a Shagari, wanda yayansa ya kawo masa kundin 2018 daga Abuja. Gurabe goma sha ɗaya suka rage masa, maimai kuwa cike da gwangwanin madara. Yanzu yana neman jarin sana'ar cajin waya, wani kuma ya taya kundin da kuɗin da bai kai na buhun taki ba. Abin da ke hana shi barci shi ne, wai idan ya bari, duk abin da ya kashe ya tafi a banza.

Wannan tunani shi ne tarko na farko. Kuɗin da aka kashe sun riga sun tafi, ko an ci gaba ko an tsaya. Mai haƙar rijiya da ya kai gaba goma ya ci karo da dutse, wahalar da ya sha a baya ba za ta tausasa dutsen ba. Tambayar da ta dace ita ce: naira dubun da ke hannuna yau, ina ta fi amfani? Kuma a faɗi gaskiya, yawan sayen abu a rufe da fatan dacewa, ɗabi'a ce da ke maƙwabtaka da caca.

Tarko na biyu shi ne mafarkin arziki. Gaskiya ne a 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952, ɗan wasan besbol na Amurka, kan dala miliyan 12.6. Amma abin da ya ba shi daraja ƙarancinsa ne, da tsufansa, da tsabtarsa, da kasuwar masu kuɗi da ke jiransa. Sitikar da aka buga miliyoyinta, ta sha ƙurar hunturu da zafin bazara a ƙarƙashin katifa, ba ta cikin wannan layi.

To idan ba zai cika ba kuma ba zai yi tsada ba, me zai hana a sayar a huta? Saboda wanda gajiya ta sa ya kai kaya kasuwa, kamar manomin albasa ne da ya kwashe duka ranar da kowa ya kawo tasa: abin da aka taya shi zai karɓa. Kuɗin za su ƙare cikin mako, kundin kuma ba zai dawo ba. Mai buƙata ta gaske, kuɗin magani ko na jarrabawa, ya sayar ba tare da jin kunya ba, domin takarda ba ta fi mutum ba. Amma shi wancan matashi, kuɗin da aka taya ba za su sayi ko batir ɗaya ba. Gara ya sayar da maimai ko ya raba wa yara, ya riƙe kundin.

Abin da ya sa na kawo batun nan zauren marubuta shi ne, mu ma masu tari ne. Wa ke cikinmu da ba shi da littafin Hausa na ɗaya da na biyu, na uku ya ɓata a hannun aro, ko marubucin bai taɓa fitar da shi ba? Irin waɗannan littattafai na kasuwar Kano ne Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka bi suka jera a kundin da suka fitar a 2004, wanda ya ƙunshi na 1987 zuwa 2002. Ba su jira sai sun mallaki komai ba. Sun rubuta abin da ya zo hannu, yau masu nazari na cin moriya. Mu da muke zaune kusa da Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa, mun fi kowa sanin cewa tsofaffin takardu sukan iso mana da giɓi, kuma ba mai zubar da littafi don warka biyu sun ɓata.

Shawarata ga mai kundi ita ce ya ɗauki biro. A gefen kowane shafi ya rubuta inda ya samu hoton, da wanda suka yi musaya, da gidan kallon da ya ga wasan, da ko an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa. A gurbin da babu hoto ya rubuta sunan ɗan wasan da tsawon lokacin da ya yi yana nemansa. Cikakkun kundaye suna da yawa a duniya kuma duk iri ɗaya ne, amma mai ɗauke da labarin yadda matasan Shagari suka kalli gasar 2018 guda ɗaya ne, kuma a cikinsa akwai gajeren labari ga mai son rubutawa.

Mai irin wannan tari, na kati ko na littafi, ya faɗa mana abin da ya rage masa. Wataƙila na ukun da kake nema yana cikin akwatin wani a zauren nan. Mai saɓanin ra'ayi kuma, ƙofa a buɗe take.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

Daga Boɗinga, Jihar Sakkwato.