Yaran Da Ke Cikin Littattafanmu Ba Yara Ba Ne

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma da mu nake.

Ku duba labaran da muke saki a WhatsApp da Wattpad, ku nemo min yaro ɗan shekara 4 da ya yi kama da na gidanku. Iri uku za ku tarar. Akwai kyawawan 'yan biyu da ake haifa a shafin ƙarshe don a saka wa jaruma haƙurinta. Akwai maraya da aka ajiye don matar uba ta riƙa jibga har mai karatu ya yi hawaye. Sai ƙaramin malami, wanda bai daɗe da yaye ba, amma yana zaunar da uwarsa yana mata wa'azin zaman aure da Hausar ɗan saba'in. Duka ukun kayan ɗaki ne, marubuci ya ajiye su inda yake so.

Asalin matsalar shi ne mun taso da cewa darasi daga sama yake gangarowa. Muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. Amma abin da yaro ya gani a ƙarƙashin gado, babba ba zai gan shi ba sai ya durƙusa, mu kuwa marubuta mun ƙi durƙusawa.

Duk wanda ya yi reno ya san yaro na koya wa iyayensa. Mai bin bashi ya yi sallama, maigida ya ce a ce ba ya nan, yaro ya fita ya ce, "Baba ya ce wai ba ya nan." Ranar uban zai gane ɗansa bai iya ƙarya ba, shi ne yake ƙoƙarin koya masa. Uwa ta mari 'yarta don ta zubar da koko, kafin hawaye ya bushe yarinya ta dawo ta haye cinyarta, alhali uwar shekara 2 ke nan tana gaba da ƙanwarta kan ankon biki. Ɗan shekara 3 ya ga almajiri tsaransa yana cin ragowar tuwo a ƙofar gida, ya juyo ya ce, "Mama, shi ina mamarsa?" Ba mai amsa a gidan, kuma tambayar za ta kwana da su.

Ku lura, a cikin ukun nan ba yaron da ya yi wa'azi. Bai ma san yana koyarwa ba. Da zarar ka sa masa jawabi a baki ka kashe shi, kai ne kake magana sanye da rigarsa.

Ga kuma alkunya. A gidaje da yawa uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, lokacin yaye ma a kai shi wurin kaka. Mace tana koyon haƙuri da tsoro da ƙauna daga yaron da ba ta iya faɗin sunansa, wannan ai littafi ne guda. Mun bar shi muna kwaikwayon finafinan Indiya.

Wani zai ce masu karatu soyayya suke so, maganar yara shirme ce. To, wa ya haifi masu karatun nan? Da yawansu da goyo a baya suke karanta mu. Kuma kakanninmu ba su raina yaro a labari ba. A tatsuniya sau nawa Auta ke warware abin da ya gagari yayyensa? Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, a kan nacin Musa ɗan sarki na fita aka ɗora labaran da aku ke ba shi. Yaron na da abin da yake so, labari ya bi shi.

Aikin wannan mako ke nan. Zauna da yaro, naka ko na maƙwabta, ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, kar ka gyara masa Hausa. Sannan ka rubuta shafi ɗaya inda uwa ko uba suka sauya hali saboda shi, ba tare da kowa ya ce "darasin shi ne" ba. In ya gagara, ka sake durƙusawa.