Wayar da ba ta fito ba, da kuɗin albasar da ya riga ya shigo

Kowace shekara, kafin manyan kamfanonin tarho su fitar da sabuwar wayarsu, labarinta kan riga ta isowa. Yakan taso daga Amurka ko ƙasar Sin, ya bi ta Facebook da TikTok, ya faɗa cikin rukunonin WhatsApp na ƴan ci-ranin Adar da ke Abijan, Kumasi da Libiya, kana ya sauka a rumfunan masu sayar da waya na Madawa, Buza da Keita. Wani ya ce wadda ke tafe za ta fi ta bara sirantaka, wani ya ce za ta riƙa naɗewa kamar littafi, wani kuma ya rantse da Allah cewa da ƙarfen jirgin sama aka ƙera jikinta. Kamfanin Samsung ya saba fitar da babbar wayarsa a farkon shekara, ana baje kolin wayoyi na duniya a birnin Barsalona na ƙasar Sipaniya wajen watan Fabrairu zuwa Maris, shi kuwa Apple yakan jira Satumba. Wato zancen na yin zafi daidai lokacin da albasar fadamar Tarka ke shiga buhu, kuɗi na shiga hannun manomi, yana shawara da zuciyarsa: ya sayi wadda ke gabansa, ko ya jira wadda ake faɗi?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin a wannan yanki waya ta zama kayan aiki. Da ita dillali ke jin farashin albasa a Akara da Kwatano kafin a ɗora wa mota kaya, da ita tsohuwa a Tamaske ko Ibohaman ke jin muryar ɗanta da ya tafi biɗa, da ita ake sanar da haihuwa da rasuwa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san inda jita-jitar ke fitowa, da abin da ya dace a saurara cikinta.

Jita-jitar na da mafari. Dubban ma'aikata ne ke haɗa waɗannan wayoyi a masana'antu irin ta Foxconn da ke birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, kuma sirrin da ya ratsa hannu dubu da wuya ya kwana rufe. Masu ƙera rigar waya su ma suna farautar awon tsawo da faɗin sabuwar tun da wuri, don kayansu su riski ranar fitowarta a kasuwa. Akwai kuma waɗanda suka mai da hasashen sana'a, kamar Ming-Chi Kuo na Taiwan da Mark Gurman na kamfanin labarai na Bloomberg. Wani lokaci ma sakaci ne kawai: cikin watan Maris na 2010 wani ma'aikacin Apple ya manta da samfurin iPhone 4 a wata mashaya a jihar Kaliforniya, masu shafin labarai na Gizmodo suka saye shi dalar Amurka 5.000, suka nuna wa duniya watanni biyu kafin lokacinsa. Ke nan ba duka zancen ne ƙarya ba. Illarsa ita ce kusan kullum a kan siffa yake tsayawa: kauri, launi, yawan idanun kamara. Ita kuwa siffa ta sha yaudarar maƙeranta da kansu.

Ita wannan iPhone 4 ɗin, da ta fito, sai aka tarar idan mutum ya riƙe ta ta wani gefe rezo na raguwa, domin ƙarfen da ya kewaye ta shi ne eriyarta. Dole kamfanin ya raba wa masu saye riguna kyauta. A 2014 an yi kukan iPhone 6 Plus na lanƙwashewa cikin aljihu. A 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa baki ɗaya, watanni biyu bayan fitowarta, saboda batirinta na kama wuta. A watan Afrilu na 2019 kamfanin ya ɗage fitar da Galaxy Fold, wayarsa ta farko mai naɗewa, bayan da waɗanda aka ba ƴan jarida su gwada suka lalace cikin ƴan kwanaki, wasu saboda tarkace da ya shiga ta mahaɗin naɗin. Sai a Satumba ta fito. Babu ɗaya daga cikin waɗannan aibobi da masu hasashe suka hango a hoto. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Game da abin da ake ƙera jikin waya da shi kuwa, abubuwa huɗu ne ke takara, kowane da amfaninsa da aibinsa. Gilashi na da kyan gani, kuma yana barin a yi caji ba tare da an soka igiya ba, dalilin da ya sa Apple ya koma masa a bayan iPhone 8 a 2017. Amma ko wanda kamfanin Corning ya ƙarfafa, mai suna Gorilla Glass, ba ya jure kowace faɗuwa. Alminiyom, wanda maƙeran tukwane suka sani sarai, ba shi da nauyi kuma yana fitar da zafi da sauri, sai dai yana lotsewa. Titaniyom, wanda shi ne ake kira ƙarfen jirgin sama a rumfuna, ya fi shi tauri da tsada, amma yana riƙe zafi. Apple ya yi tutiya da shi a iPhone 15 Pro a 2023. Shekara biyu bayan nan, a iPhone 17 Pro ta Satumban 2025, ya koma wa alminiyom, yana mai cewa ya fi kwashe zafi daga cikin waya. Na huɗu ita ce roba, wadda ake rainawa. Ba ta tare rezo, ba ta tarwatsewa in ta faɗi, ga araha in za a sauya murfi.

To, wane ne cikinsu ya dace da ƙasar Adar? Abu huɗu ne ke yi wa waya jarrabawa a nan. Na farko zafi. Apple da kansa ya rubuta cewa an yi wayoyinsa don aiki tsakanin awo 0 zuwa 35 na ma'aunin zafi, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Madawa kan haura 40 a inuwa. Zafi shi ne babban makashin batir. Wayar da ta yini a aljihun mai ban-ruwan albasa, ko bisa gaban mota tsakanin Ƙwanni da Maraɗi, batirinta na tsufa kafin lokacinsa, wani ma ya kumbura ya ɗaga murfi.

Na biyu ƙura. A jikin kwalin wayoyi da yawa akwai haruffan IP tare da lambobi biyu: ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Lamba 6 a farko na nufin ƙura ba ta shiga sam. 5 na nufin tana shiga kaɗan ba tare da ɓarna ba. 4 kuwa na nufin abin da ya wuce milimita ɗaya kawai ake tarewa. Galaxy Z Fold 7 mai naɗewa, wadda ta fito a 2025, IP48 ke gare ta. Ƙurar hunturu ta fi milimita ɗaya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duk mai ɗokin waya mai naɗewa, ya fara duba wannan lamba kafin ya dubi launi.

Na uku dutse. Wanda ya san tudun Buza da Keita ya san cewa abin da ya suɓuce daga hannu ba bisa rairayi yake sauka ba. Wayar da gaba da bayanta duka gilashi ne, fuska biyu ke gare ta na fashewa, kuma kuɗin sauya fuskar babbar waya na iya kai kuɗin sabuwar ƙarama.

Na huɗu wuta. Ko da yake an buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, ƙauyuka da yawa har yanzu da allon hasken rana ko wurin mai caji na kasuwa suka dogara. Jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a mai da ita ba sai a 2024. A irin wannan hali, gasar sirantaka da ake yi a ƙetare ba ta da wata fa'ida. Galaxy S25 Edge kaurinta milimita 5,8 ne, iPhone Air kuwa 5,6, dukansu na 2025; kuma duk abin da aka rage na kauri, daga wurin zaman batir ake rage mafi yawansa. Kyan ɗan maciji ke nan ga mutumin da ke tafiyar rabin yini kafin ya sami inda zai yi caji.

Ba banza ba ne ya sa Tecno, Infinix da itel suka cika rumfunan yankin. Dukansu na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, wanda ya sa Afirka gaba tun wajen 2008, ya kuma kafa masana'anta a Habasha a 2011. Ya lura cewa mutum na buƙatar layi biyu a waya ɗaya, kamar yadda a Nijar wani ke haɗa Airtel da Moov, ko Zamani da Niger Telecoms, gwargwadon wanda ke kamawa a garinsu. Ya sa babban batir, ya gyara kamara ta riƙa fitar da baƙar fata da kyau, ya yi jikin mafi yawansu da roba. Da wannan ya kame kusan rabin kasuwar manyan wayoyi ta Afirka. Sai dai shi ma ya shiga gasar ƙawa, ya fitar da masu naɗewa da sirara, don haka suna kaɗai bai isa shaida ba.

Idan ana son hasashen da ke da tushe, dokokin Tarayyar Turai sun fi hotunan TikTok faɗin gaskiya, domin kamfani ba ya son ƙera waya iri biyu, abin da aka tilasta masa a can yakan bi kaya ya iso nan. Dokar Turai ce ta wajabta mashigin caji iri ɗaya, wato USB-C, daga ƙarshen Disamban 2024, har Apple ya bar nasa tun a 2023. Daga 20 ga Yunin 2025 kuma, wayar da za a sayar a can dole batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, dole a sami kayan gyaranta har shekara 7 bayan an daina sayar da ita, dole a ci gaba da sabunta manhajarta shekara 5. Akwai kuma dokar batir ta 2023, wadda ta sa watan Fabrairu na 2027 a matsayin lokacin da ya kamata mai kaya ya iya cire batir ya sauya, ko da yake an bar ƙofa ga wayoyin da aka rufe ruf kuma batirinsu ke da dogon rai. Abin da za a iya tsammani ke nan: wayoyin da ke tafe za su fi sauƙin buɗewa da gyara. Wannan labari ya fi shafar mai gyaran waya na bakin tashar Madawa fiye da kowane zancen titaniyom.

Saura batun kuɗi. An fitar da iPhone Air a kan dalar Amurka 999, abin da ya haura jika 500 na sefa tun kafin kuɗin mota da na duwan. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar tun 2024 jika 42 ne a wata. Wato albashin shekara guda cur bai sayi wannan waya ba. Abin da ke biyo bayan irin wannan tsada sananne ne: kafin ta gaskiya ta iso, mai kama da ita ta riga ta cika kasuwa, da idanun kamara uku waɗanda ɗaya kaɗai ke gani. Masu jabu su ma suna sauraron jita-jita, kuma siffa ce abin da ya fi sauƙin kwaikwayo. A nan akwai aiki gaban hukumar ARCEP mai kula da harkar sadarwa, da ma'aikatan duwan, na tantance abin da ke shigowa ta iyaka.

Shi kuwa manomin da kuɗin albasarsa ke hannu, tambayoyi biyar sun ishe shi a gaban mai rumfa: nawa ne ƙarfin batirin, wace lamba ce ke bayan IP, da me aka yi bayan wayar, nawa ne kuɗin sauya fuskarta, kuma ana samun kayan gyaranta a Madawa, ko sai an aika Maraɗi ko Kano? Idan amsoshin sun gamsar da shi, babu dalilin jiran wadda ba ta fito ba. Idan kuma sabuwar ce ta kwanta masa a rai, ya bari ta yi bazara guda da hunturu guda a hannun wasu, sannan ya je ya tambayi masu gyara sau nawa aka kawo masu ita.