Motar Sanyi Ba Ta Jiran Mai Shinge

Ƴan'uwa fatake, kwanakin nan duk karar da muka shiga sai mun tarar ana gardamar motar sanyi. Samarinmu na cewa zamanin loda shanu a tsaye ya wuce, a yanka a gida, a zuba naman a firigo a kai Legas ko Kwatano. Wasu dattawa kuwa ko sunan motar ba su son ji. To, kafin mu raba gardama, bari mu leƙa inda wannan sana'a ta fi wuya, mu ga abin da ke riƙe da ita.

Can ƙuryar arewacin Amurka, a jihar Alaska, akwai hanyar da ake kira Dalton. An yi ta a 1974 saboda aikin bututun mai, tsawonta kilomita 666, galibinta tsakuwa ce. Ta ƙare a Deadhorse, kusa da tekun ƙanƙara, inda ma'aikatan mai ke zaune ba gona ba garke, abincinsu duka daga kudu ake kawo shi. A wannan yanki, a Prospect Creek, aka auna sanyi digiri 62 ƙasa da sifili a Janairun 1971. Mu da ɗan hunturun Disamba ke hana mu fita kara da sassafe, sai mu yi shiru.

Wani zai ce, ina amfanin motar sanyi a ƙasar da ko'ina firigo ne? Ai nan gizo ke saƙa. Injin nan da ke goshin akwatin ba sanyi kaɗai yake bayarwa ba, yana kuma ɗumamawa. Daskararren nama yana son digiri 18 ƙasa da sifili, ɗanye yana son tsakanin sifili da 4, ƙwai da ganye kuwa in suka daskare sun tashi aiki. Wato aikinsa ya tsayar da kaya a awo guda, ko waje na wuta ko na ƙanƙara, kuma da tankinsa na gazuwal daban da na motar. (Af, wanda ya ƙago shi a 1938, Frederick Jones, baƙar fata ne ɗan Amurka.) Gazuwal ɗin ma in sanyi ya tsananta kauri yake yi kamar man shanu ya toshe matata, shi ya sa direba ko barci zai yi ba ya kashe mota. Daga Coldfoot zuwa Deadhorse kusan kilomita 390 ne, ba gidan mai ba gareji, ga hawan dutsen Atigun a tsakani.

To me ya sa kaya ke isa lafiya? Hukuma na da sansanonin gyara a kan hanyar masu share ƙanƙara. Direbobi na magana da juna ta rediyo, wanda motarsa ta lalace ba a wuce shi. Sannan babu shinge bayan shinge na neman na goro. Abokin gabarsu yanayi ne, kuma yanayi ana iya yi masa shiri.

Mu fa? Kowa ya san sau nawa ake tsayar da tirela daga Maradi zuwa Legas. Sa mai rai yana jira: ya rame, ya galabaita, amma in ta ɓaci a sauke shi, a ba shi ruwa, a karyar da shi a kasuwa mafi kusa. Nama ba ya jira. Injin ya mutu da rana tsaka a zafin bazara, mai shinge ya ce a buɗe ƙofa ya gani, kafin gari ya waye jarin mutum biyar ya zama na ungulu. Ga kuma kai da ƙafa da kayan ciki da ganda, waɗanda sau da yawa su ne ribar mahaucin kudu. Wa zai saye su a nan da wannan daraja?

Duk da haka ba mu tare da masu cewa a toshe kunne. Mota guda ta nama tana ɗaukar ninkin abin da tirelar shanu ke ɗauka, ba mushe a hanya, ba kuɗin dakon ƙaho da kashi. Kuma dattawanmu sun tuna yadda daskararren naman Turai mai rangwamen gwamnatocinsu ya cika Abijan da Ankara a ƙarshen shekarun 1980, shanunmu suka yi kwantai, har sai da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 muka ɗan numfasa. In ba namu ya shiga firigo ba, na wani zai shiga.

Shawararmu: kada ƙungiya ta ci bashin sayen motoci yanzu. A fara neman yarjejeniya da duwan da likitocin dabbobi na ƙasashen biyu, a duba nama a mayanka, a buga hatimi a ƙofa, kada a buɗe sai a masauki. A tabbatar da ɗakin sanyi mai janareto a can, a tura yara biyu su koyi gyaran injin. Daga nan a yi hayar mota guda a gwada, ɗan rakiya ya rubuta sa'o'in da aka ɓata a kowane shinge, ya kawo takardar gaban taro.