Zuwa ga ’yan jarida, kan ranar da jirgin yaƙi bai dawo ba



Kun tuna yammacin Laraba, 31 ga Maris 2021. Jirgin Alpha Jet mai lamba NAF475 ya fita taimaka wa sojojin ƙasa a Borno, bayan ƙarfe biyar da ’yan mintoci aka daina jin ɗuriyarsa. Hafsoshi biyu ne a ciki, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele. Ana cikin jimami sai ga bidiyo daga ’yan tada ƙayar baya na ɓangaren Shekau, wai su suka kakkaɓo shi. Edita na tsaye a kaina yana cewa kowa ya riga mu. Na rubuta kanun labari da “an harbo”, sai Allah ya sa wani dattijon abokin aiki ya leƙo, ya ce, “Kai, wa ya gani da idonsa?” Rundunar sojin sama ta ce bidiyon haɗe-haɗe ne. Tarkacen jirgin kuwa sai Maris 2022 sojoji suka tsinto shi a dajin Sambisa.

“Ya ɓace” daban, “ya faɗi” daban, “an harbo shi” daban. Ku rubuta wadda kuke da hujjarta, ku faɗi bakin da kuka ji ta. Sanarwar kakakin soja ma haka: ku ce shi ya faɗa, domin su ma wani lokacin sukan rufe kura da fatar akuya.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar sanar da mutuwa. Jirgin nan yana da kujerar da ke cilla matuƙi waje, laima ta sauko da shi. A Yulin 2021 ’yan bindiga sun harbo wani Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da rai, ya ɓuya har duhu ya yi, ya lallaɓa ya kai ga sojoji. Da wani cikinmu ya wallafa sunan ƙauyen da aka ga laimarsa, ai mun yi wa masu farautarsa jagora. Su ma suna da rediyo, suna da waya.

Sunan matuƙi da hotonsa kuma ku dakata da su sai rundunar ta je gida ta sanar. Uwar matuƙin na iya kasancewa tana tankaɗen gari da rediyonta a gefe. Hoton gawa kuwa, ko da kowa ya yaɗa shi a WhatsApp, ku bar shi a can.

Naku,
wani tsohon ɗan rahoto