Takardar tara ba hukuncin kotu ba ce

Ƴan uwa malamai, da yawa daga cikinmu muna koyarwa nesa da gidajenmu. Muna fitowa da sassafe bisa babur ko tsohuwar mota, idonmu na kan agogo, domin kada a ja layi a littafin sa hannu kafin mu iso. Shi ya sa zargin gudun wuce ƙima ba baƙon abu ba ne gare mu. Abin takaici shi ne yadda muke yi idan jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ya tsayar da mu: mafi yawanmu sai mu shiga roƙo, ko mu laluba aljihu mu ba da na goro. Wannan ita ce mafi munin hanya. Ba rasit, ba shaida, kuma wanda ya bayar ya zama abokin laifin wanda ya karɓa.

Doka ta ba mu hanyoyi biyu. Ta farko, mu biya tarar ta banki, mu adana rasit. Amma mu sani, wanda ya biya ya sarayar da haƙƙinsa na zuwa gaban alƙali, kuma laifin zai hau kan lasisinsa. Idan da gaske mun yi gudun, to mu biya ba tare da ƙorafi ba. Mu ne fa muke tsayawa a ƙofar makaranta muna tsallakar da yara titi, mun kuma san abin da mai gudu yake iya yi wa ɗan aji biyu. Ƙa'idar cikin gari kilomita 50 ce a awa ɗaya, ƙaramar mota tana da 80 a babbar hanya, babur kuwa ba ya wuce 50 ko'ina.

Ta biyu ita ce kotu, ko dai kotun majistare ko ta tafi-da-gidanka da ake kafawa a bakin hanya. A nan ne tsoro yake kama mu, alhali takardar da jami'i ya rubuta zargi ce kawai. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai an tabbatar, ya ba shi damar kare kansa da kansa ko ta bakin lauya, da yi wa shaidun mai ƙara tambayoyi, da samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Saboda haka nauyin kawo hujja yana wuyan mai zargi. Da wace na'ura aka auna gudun? Nawa ta nuna? A daidai wane wuri, kuma mece ce ƙa'idar wurin? Malamin da ya rubuta waɗannan bayanai tun a wurin da aka tsayar da shi, cikin ladabi ba tare da cacar baki ba, ya ɗauki rabin makaminsa. In hukunci bai gamsar ba, akwai ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha.

Ba mu ce kotu ba ta da wahala ba. Ana iya ɗage zama, kuɗin mota na iya zarce tarar kanta, kuma wanda ya sha kaye zai biya duk da haka. Ga aji an bari babu malami. Wannan ne ke sa mai gaskiya ya haƙura ya biya, albashin ma bai shigo ba.

A nan muke ganin reshenmu yana da aiki. Muna biyan kuɗin ƙungiya kowane wata. Bai yi yawa ba idan reshe ya nemi lauya guda da mamba zai tuntuɓa kafin ya yanke shawara. Haka kuma shugabanninmu su zauna da Sakataren Ilimi a amince cewa takardar sammaci uzuri ce karɓaɓɓiya, a kuma tsara wanda zai riƙe ajin a ranar. Muna roƙon a sanya wannan batu cikin ajandar taron reshe mai zuwa.