Masu sal ɗin wasa, ku daina bin kowace sabuwar emuleta

Yau zancen na samari ne, amma har iyaye su saurara, don akwai kuɗi a ciki.

Duk fadar da ka leƙa bayan la'asar za ka tarar da mutum biyu ko uku sun duƙufa kan salula suna buga ƙwallo. Galibi PPSSPP ce, manhajar da ke sa waya ta kwaikwayi na'urar PSP, wadda wani ɗan Suwidin, Henrik Rydgård, ya fara fitarwa a 2012. Masu kwamfuta kuma suna da PCSX2 ta wasannin PlayStation 2, da Dolphin ta GameCube da Wii. Irin waɗannan ake kira emuleta. Kowacce kusan fuska biyu gare ta: akwai tabbatacciya, wadda masu ita suka gwada suka ce ga ta, ka sauke ka girka, akwai kuma ta gwaji, wadda ke fitowa duk lokacin da wani ya taɓa wani abu a cikin aikin, wani sa'in sau da yawa a yini guda.

Gardamar da ake yi ita ce wacce za a ɗauka. Ni ra'ayina a fili yake: wanda ke cin abinci da abin, ya riƙe tabbatacciya. Ta gwaji sai in kana iya faɗin sunan matsalar da kake son ta gyara maka.

Masu son ta gwaji suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Dolphin ta fitar da 5.0 a watan Yuni na 2016, daga nan shiru har shekara takwas. A tsakanin nan aiki bai tsaya ba, lambar fitowar gwaji ta haura 20,000. Wanda ya nace wa 5.0 don an rubuta mata "tabbatacciya" ya zauna ne da tsohon kaya alhali an gyara ɗaruruwan matsaloli a gaba. PCSX2 ma haka: 1.6.0 ta fito a 2020, sai aka yi shekara huɗu duk mai hankali yana kan 1.7 ta gwaji. A wancan lokacin in wani ya ce maka ka bar tabbatacciya, gaskiya ya faɗa maka.

To amma wannan shawara ta tsufa, mutane ne ba su lura ba. A watan Yuli na 2024 PCSX2 ta fitar da 2.0. A watan nan dai Dolphin ta fitar da 2407, ta kuma canza tsari: lambar yanzu shekara ce da wata, kuma ana fitarwa a kai a kai. Tazarar da ta sa ake gudun tabbatacciya ta ragu ƙwarai. Amma har yau za ka ji yaro yana maimaita abin da ya ji a bidiyon shekara uku da suka wuce, wai ta gwaji ta fi gudu. Ka duba kwanan watan da tabbatacciyar ta fito tukuna, kafin ka yanke.

Yanzu mu zo inda abin ke ciwo. Mai sal ɗin wasa yana da kwamfuta biyu ko uku, da manet, da talabijin. Yaro ya biya dala ashirin ɗinsa, yana son wasa ya tashi nan take. In kana kan ta gwaji, kusan kullum ka buɗe sai ta ce akwai sabuwa. Ka danna, megarka ta tafi. Gobe ma haka. Forfe ba kyauta ba ne, kuma rezo ba kullum yake da kirki ba. Wannan ma ƙaramin abu ne. Babban shi ne ranar da sabuwar ta zo da ɓaraka: sauti ya riƙa yankewa, ko manet na biyu ya ƙi amsawa, ranar Lahadi, sal cike. Masu aikin za su gyara, wataƙila gobe, wataƙila jibi. Su ba su yi laifi ba, don tun farko sun ce ta gwaji ce, kuma aikin sa kai suke yi. Kai ne ka mayar da shagonka ɗakin gwajinsu.

Sai maganar ajiya, wadda da yawa ba su sani ba sai ta same su. Ajiyar wasa iri biyu ce. Akwai ta cikin wasan kansa, wadda ke zuwa katin ajiya kamar yadda ake yi a PlayStation 2 ta gaske. Wannan tana bin ka daga fitowa zuwa fitowa. Akwai kuma ajiyar nan take, wadda emuleta ke ɗaukar hoton duk abin da ke gudana a daidai wannan daƙiƙa. Ita ce muka fi so a nan, saboda kuran na iya ɗaukewa ba sallama. Amma ita ce ke mutuwa in an canza fitowa. PCSX2 har gargaɗi take yi kafin irin wannan sabuntawa, sai dai wa ke karantawa? Mutum ya yi wata biyu yana bin God of War, ya danna eh, shi ke nan. Kafin ka sabunta komi, shiga wasan ka ajiye ta hanyar kati.

Wani abin kuma, ana haɗa tambaya biyu a mayar da su ɗaya. Tabbatacciya ko ta gwaji daban, girkawa ko rashin girkawa daban. Mai girkawa tana shiga Windows ta zauna, ta kai ajiyarka wani wuri na dabam. Wadda ke zuwa a ƙunshe kuwa, kwancewa kawai za ka yi a jaka guda. A Dolphin, in ka sa fayil marar komi mai suna portable.txt a cikin jakar, duk saiti da ajiya nan za su zauna, ka kwafe a kile ka kai wata kwamfuta. Ga mai son gwaji, hanyar ke nan: tabbatacciya a girke don masu biya, ta gwaji a jakarta can gefe, ba mai taɓa wani. In wani wasa ya ƙi tashi a ta farko, ka gwada a ta biyu. In ya yi, ka tsaya kan wannan lambar, kar ka ƙara sabuntawa sai da dalili.

Masu tsohuwar kwamfuta su kula: PCSX2 2.0 ba ta tashi a Windows 7, sai 10 zuwa sama. Wanda na'urarsa ba ta kai ba, 1.6.0 ce tasa, ba abin kunya ba ne. Masu buga wasa tare ta hotspot kuma, ku daidaita lambar PPSSPP ɗinku kafin ku fara zargin juna da wayar banza.

Abin da ya fi damuna ma ba ɗaya daga cikin biyun ba ne. Na uku ne, wanda ke yawo ta Xender da gurup na WhatsApp da sunan "Gold kyauta" ko "sabuwar PS2 ta waya". AetherSX2, wadda aka fi sani a Android, mai ita ya daina aikinta tun Janairun 2023, amma har yanzu ana raba abubuwa da sunanta, ba ka san wa ya buɗe ya rufe ba. Wayar da kake saka wannan abu, ita ce wadda kuɗinka ke ciki, da hotunan iyalinka. PPSSPP ta asali kyauta ce a Play Store, kuma Gold ɗin ba ta fi ta gudu ba. Sayenta tallafi ne ga mai aikin. Haka "PES 2025" ɗin da ake tura maka: PES 2014 ce ta ƙarshe da ta fito a PSP, sauran duk tsohon wasa ne aka canza wa riguna da sunayen ƴan wasa.